Hoton da Barira Ta Zana

Barira ta kira ni shagonsu na Jekadafari,
inda suke buga katin biki da kalandar 'yan takara.
Ta ce, Kawu, zo ka ga abin da ya hana ni barci.
Na toshe bakin galan, na bar wa yaro mazurari,
na zo hannuna yana warin fetur.

Ba fenti, ba buroshi, ba takarda.
Wani alƙalami marar tawada take ja a kan gilashi,
launi yana bin sa kamar ɗan akuya.

Na duba.
Ga duniya kwance kamar saniyar da rani ya kayar,
ƙarti bakwai sun durƙusa a kanta,
kowa da bututunsa a baki,
tumbi ya kai gwiwa, ido na kan bututun maƙwabci.
Baƙin abu na gangarowa daga haɓarsu,
duk inda ya ɗiga tankar yaƙi ta tsiro
kamar tafasa bayan ruwan fari.
A sama jirage ne, ungulayen da suka ji labarin mushe.
Can ƙasa ta hagu, wata tsohuwa ce tsaye bakin tafkin mai,
riƙe da fitilar ƙwai, lagwaninta a bushe.

Ta sa yatsu biyu ta buɗa hoton,
fuskar ƙato ɗaya ta cika gilashin.
Ba Bature ba ne, ba Balarabe ba.
Ba ta ba shi ƙabila ba, haƙora kawai ta ba shi.

Na ce, 'yata, ai wannan yaƙin na nesa ne,
na garuruwan da rediyo ke kira da asuba
muna kurɓar koko.
Ta ce, Kawu, yaushe rabon Baffa Gidado
da amsa sallamar Baffa Manu?

Na yi shiru.
Gonar gado ce, jan burji, ko ƙaya ba ta son ta,
shekara ashirin ba wanda ya kai mata fartanya.
Sai masu hular kwano suka zo da na'ura,
suka kafa turke mai jan ƙyalle a kan iyaka.
Uwa ɗaya, uba ɗaya, nono ɗaya,
ga su kotu zama na tara.
Manu ya sai da bijimai biyu ya biya lauya,
Gidado yana kwana da adda ƙarƙashin tabarma.
Man kuwa ko ɗigo ba wanda ya gani.

Ɗif, aka ɗauke wuta.
Fanka ta yi juyi uku ta haƙura,
batirin ya nuna ja.
Ta jijjiga janareta, ba ko motsin ruwa a ciki.
Kawu, lita ɗaya, ban gama hannun tsohuwar ba.

Na aika yaro ya kawo kwalba.
Ta miƙo kuɗin jiya.
Wallahi bakina ne ya riga ni:
wannan ai farashin jiya ne,
an ce can wani teku an tare hanyar jirage.
Ta dube ni, ba ta ce komai ba,
ta buɗe jaka ta ƙaro ɗari biyu.
Na karɓa.

Janareta ya yi tari, ya kama.
Hayaƙi ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa,
gilashi ya sake haske, ƙartin suna nan durƙushe.
Na ƙirga su, bakwai ne har yanzu,
amma tsakanin na uku da na huɗu
akwai fili, daidai gwiwar mutum ɗaya.

Shekara sha shida ina zuƙo mai da tiyo
daga tankin motocin da suka kwana a layi.
Ban tambaye ta me ta bar wa wurin ba.
Na san ɗanɗanon da ke bakinsu.
Na fita waje na tofar,
bai fita ba.