Ƙarar Allura

Zanin gadon Inna Larai na ara, farin nan na baƙi,
muka ɗame shi da ƙusa huɗu
a bangon wani aji a Tudun Wada.
Majigin na Tanimu ne, haya,
janareta na mai aski, da sharaɗin in cika masa tanki.
Kujera saba'in na jera. Na ƙirga, na sake ƙirgawa,
kamar ƙirga na haifar mutane.

Shekara biyu da wata biyar
ina ɗauke da fim ɗin nan.
Babur ɗina ya tafi a kansa,
har yau in na ji irin kukansa a Kwangila sai na waiga.

Bayan isha'i suka fara shigowa:
ɗalibai daga Samaru da littattafan rubutu a cinya,
'yan Kongo biyu masu gardama tun daga ƙofa,
mai shayin bakin titi da ya ba ni bashi wata shida,
yara, waɗanda ba wanda ya gayyata.
Can ƙarshe Dije ta shigo riƙe da hannun kakanta,
Baba Ramalan na Ƙwarbai,
wanda ya yi shekara hamsin yana zuba aska takwas a wuyan riga
kafin yana ta rufe masa ido.
Fim ɗin nasa ne. Minti arba'in na hannunsa,
daminar ƙarshe da ya ga ramin allura.

Na kashe fitila. Bakina ya bushe ƙamas.

Ban san zanin na da faci ba
sai da ya sauka daidai kuncin tsohon.
Tsaka ta bi ta kan hularsa, yara suka fashe.
Inda na yi kuka wajen haɗawa, can aka yi dariya,
inda na sa don dariya, wani ya amsa waya.
Ni ina tsaye a baya, kusa da tagar da ba gilashi,
ina kallon ƙeyar mutane,
ina neman hukuncina a wuyansu.

Sai wurin nan ya zo.
Ba magana, ba kiɗa,
yatsu kawai, da farin zare, da shadda mai ruwan toka,
da ƙarar allura tana huda, tana fita.
Ajin ya yi tsit. Har janareta ya sassauta murya.
Dije ta daina raɗa masa abin da ke bango.

Da aka kunna fitila an tafa,
ba tafin da na yi mafarki ba, amma tafi ne.
Wani ɗalibi ya tambaye ni ma'anar facin.
Na ce masa sai ya tambayi Inna Larai.

Baba Ramalan bai tashi ba sai da aka watse.
Ya ce, Jafaru, matso.
Dije ta ce hannuna ne, na yarda da ita.
Amma allurar nan ba tawa ba ce.

Ƙafata ta yi sanyi.
Ranar ɗauka injin niƙan maƙwabta ya cinye sautin duka,
ni na zauna a ɗakina, tsakar dare,
da tsohuwar riga da allurar ƙanwata,
na yi ta huda a gaban na'ura.
Ban faɗa wa kowa ba. Mutum sittin ba su ji ba.

Ya ce, mai wannan allura gaggawa gare shi,
kamar ana bin sa bashi.
Ni bayan huda uku nakan numfasa.

Ya miƙe, yana laluben kafaɗar Dije.
Ka zo jibi da sassafe, kafin su ta da inji.
Ido ya tafi, hannu bai manta ba.
Ka zo da abin naka mai ji.

Na cire ƙusa huɗu. Na naɗe zanin
da faci a ciki, yadda ta ba ni.