Lissafin Mai Haƙa

A teburin shayin Bappa Manu, bayan tashar Kumo,
aka ɗauko zancen tun ruwa bai tafasa ba.
Gidado direba ya bugi benci ya ce: "Mura ce!
Mura ce ta je birni ta sayo sabon suna.
Mu da muka san ta tun muna yawo ba wando:
citta, kanumfari, a ja bargo a yi gumi,
kwana uku ka tashi ka yi lodin Gombe."

Hajjo ta asibiti ta tsaya sayen burodi,
igiyar takunkumi ta yi mata shati a bayan kunne.
Ta ce: "Murar da ka sani, Gidado,
hanci take murɗewa ta saki.
Wannan ƙirji take nema.
Daren jiya na ga dattijo yana kamun iska
kamar tarwaɗar da aka jefo tudu.
Tukunyar iska ɗaya, mutum huɗu na kallon ta."

"To wa ta kashe a layinmu? Kawo suna!
A rediyo take, ba ta sauko ƙasa ba.
An rufe mana tasha sati biyu,
yunwa kuwa ba ta san takunkumi ba."

Sai suka juyo kaina.
"Barau, kai ne mai haƙa. Raba mu."

Na ajiye kofi.
Ni ban yi boko ba, da dagi nake lissafi.
Bara war haka tara na haƙa.
Bana wata bai mutu ba, na wuce ashirin,
ƙota ta karye mini sau biyu,
har na ɗauki yaro yana kwashe ƙasa.
Ladanin unguwarmu. Mai gyaran agogo.
Adda Yelwa mai daddawa, da ƙanenta bayan kwana shida.
Amma likkafani ba ya zuwa da takarda,
gawa ba ta faɗa mini abin da ya kayar da ita.
In na tambaya, amsar ɗaya ce:
gajeruwar rashin lafiya.

Hajjo ta gyaɗa kai. Na ce, dakata, ban gama ba.
Kada ke ma ki raina mura.
Innata Dudu, daminar da rufin ɗakinmu ya zube,
tari kawai ta yi, muka ce sanyi ne,
muka dafa mata citta irin ta Gidado.
Ran Laraba ni na auna tsawonta da kara.
Rediyo bai faɗa ba, ba wanda ya ƙirga ta,
sai ni da na san wace bishiya ke mata inuwa.

Kun zauna kuna musun wa ya fi dafi,
kububuwa ko gamsheƙa,
alhali duka biyun na ƙarƙashin gado.
Sai dai ɗayar mun san raminta,
mun san watan fitowarta.
Ɗayar baƙuwa ce, ba mu ga iyakar tsawonta ba,
kuma wutsiya kaɗai ba ta isa awo.

Aka yi shiru, sai ƙarar cokali.
Can Gidado ya yi tari, guda ɗaya tak.
Ban ga wanda ya tashi ba,
amma kowa ya ja kofinsa kusa da ƙirji.
Ya yi dariya: "Ƙwarewa na yi! Kai, mutane!"
Ba wanda ya taya shi.

Da zai tafi na hango shi gun yaron nan mai tire,
ya sayi takunkumi, bai sa ba,
ya rataye shi a madubin mota
kusa da carbi.

Ni kuwa maƙera na nufa da dagina a kafaɗa.
Har na isa ban yanke ba:
in ce a wasa mini wannan,
ko a ƙera mini na biyu.