Ƙwallon Gawayi

Ƙarfe biyun dare a Naraguta.
Janareto na tari a bayan ɗakin bincike,
ni da Chundung muna gadin tukunyar ƙarfe
wadda muka kwana uku muna zuƙe wa iska
har ba abin da ya rage a cikinta sai shiru.

A cikin shirun akwai ɓallin silikon,
bai kai farcen babban yatsa ba.
Yashi ne asalinsa, aka dafa, aka tace,
aka goge shi har ya manta da rafi.
Kakana ya shekara talatin yana wanke yashi a Bukur,
kuza yake nema, yashin ya zubar.
Yau abin da ya zubar nake wa ladabi,
da safar hannu, ina riƙe numfashi.

Ido ba ya zuwa inda za mu.
Allura muke aika, mai tsinin zarra guda,
ta bi fuskar tana lalube,
ba ta taɓawa, kusanta kawai take yi,
ta kawo mana labari layi bayan layi.

Ga shi a allo: kunya-kunya,
sak gonar dankali a Bokkos bayan huɗa.
Zarra sun jeru biyu-biyu,
kowace da hannu ɗaya a miƙe
ba wanda ya kama.

Sai muka saki baƙin.
Jininsu ɗaya da gawayin mai gasa masara a Taminus,
sai dai su sittin-sittin suka haɗa kai
suka ɗinke kansu ƙwallo:
fuska goma sha biyu mai kusurwa biyar,
ashirin mai shida,
keji rufaffe, ba ƙofa, ba tsuntsu.

Na zaci za su gangara.
Ina! Inda kowa ya faɗi, nan ya kwana.
Hannayen nan suka cafke shi
a kwarin da ke tsakanin kunya da kunya.

Chundung ta ce, bari in tura ɗaya.
Ta sunkuyar da allura, ta zungure shi a hankali.
Bai zame ba, mirginawa ya yi,
ba ya sakin hannun baya
sai ya kama na gaba,
kamar yaro mai tatata
tsakanin gwaggo da inna.
Muka yi dariya mu biyu, ba mai ji.

Wancan makon mun cika hannayen da haidurojin
kafin baƙi su sauka.
Da ba wanda ya tarbe su, sai suka yi ta yawo
har suka ci karo da 'yan'uwa,
suka kafa unguwa a gindin matakala.
Wanda ƙasa ba ta riƙe ba,
ɗan'uwa yake nema.
Na tuna kakana, da ƙunshinsa, da Hausarsa ta Kazaure.

Yanzu saura wuta.
Kaɗan, riƙo ya ƙara ƙarfi.
Muka ƙara, muka ƙara,
ɓallin ya yi ja kamar garwashi.
Da allura ta koma, ba ƙwallo ko ɗaya.
Keji ya fashe, gawayi ya shige yashi,
sun zama wani dutse mai tauri
da ba za ka ce baƙo ba,
ba kuma za ka ce mai gida ba.

Chundung ta daɗe tana kallo.
Ta ce, rubuta zafin da ya yi wannan.
Na rubuta.

Da muka fito sanyi ya kama kunne.
Duwatsun Shere sun fara fitowa daga duhu,
wani a kan wani, kamar yanzu za su faɗo,
ga shi tun zamanin kakanni ba su faɗo ba.
Ban san da hannu nawa suke riƙe da juna ba.
Mai shayi ya hura wuta,
na tsaya ina kallon gawayinsa
har ya ce, malam, madara ko baƙi?