Randa ta Bakwai

Da hantsi motarsu ta tsaya a gindin ɓaure,
mutum bakwai, da huluna masu faɗi,
da takalman hawan dutse da ba su san taɓo ba.
Na ce musu barka da zuwa Kakheti.
Ƙanena Gocha ya ɗaure kare, ya jawo benci.

A tanti suka kwana, bakin kogin Alazani.
Sun ce sanyi ya gasa musu aya a hannu,
sauro ya raba dare yana yi musu kiɗa,
amma da gari ya waye tsaunuka suka fito fari fat
kamar an wanke su an shanya,
sai suka yafe wa kowa.

Na zaga da su cikin gonar inabi.
Wannan layin, shekarar da aka haife ni aka dasa shi.
Wancan kuwa ƙanƙara ta ragargaza bara
cikin minti goma,
muna tsaye bakin ƙofa, babu mai cewa uffan.
Wata ta miƙa hannu za ta tsinki ƙwaya ɗaya,
ta juyo tana neman izini.
Na ce ai tsuntsaye ba sa tambaya.

Daga nan sai ɗakin ƙasa,
inda randunanmu ke binne har wuya,
cikinsu shafe da kakin zuma.
Shida mun kwashe tun bazara.
Ta bakwai ban taɓa ba.
Nugzar ne ya rufe ta, mahaifina,
da faifan dutse da ɗanyen yumɓu,
kaka biyu ke nan, kafin tari ya kwantar da shi.
Har yau shatin babban yatsansa na nan a gefe,
inda ya dafa zai miƙe.

Gocha ya yi ƙasa da murya:
"Tsiala, sun riga sun biya,
ga rufin ɗaki yana yoyo."

Na durƙusa.
Na sa wuƙa na kewaye shatin yatsan,
na ɓamɓaro shi ɗungurungum, na sa a aljihu.
Muka ture dutsen.
Ludayin duma mai dogon hannu ya nutsa cikin duhu
ya fito da ruwa mai launin zumar da rana ta ratsa.

Suka jujjuya kofuna, suka kai hanci, suka lumshe ido.
Wani ya ce yana jin busasshen tuffa.
Wata ta ce hayaƙi, da ɗan ɗacin shayi.
Mai ɗan littafi ya rubuta "ƙasa bayan ruwan fari",
ya ja layi biyu a ƙarƙashi.
Babu wanda ya yi ƙarya.

Ni dai da na kurɓa
tsohon kwat ɗinsa na ji, da gumin watan girbi,
da ranar da na ɗaure kayana na ce Tbilisi za ni,
ba kuma zan dawo ba.
Bai ɗago daga aikinsa ba.
Ya ce, "Jeki. Kuranga ba ta bin kowa,
jira kawai ta iya."

Mai littafin ya tambaye ni me na ji.
Na ce tuffa.

Muka ci burodi mai zafi daga tanderu, da cuku mai gishiri.
La'asar sakaliya suka hau kekuna
suka bi hanyar tudu suna ɗaga hannu,
kwalabe na ƙarar juna cikin jakunkunansu.

Jibi, idan ta ƙare, zan sauka cikinta da fitila da tsani,
in goge ta tas, kamar yadda ya koya mini,
don inabin bana ya kusa.
Wannan karon ni zan kwaɓa yumɓun.
Gocha ya ce in kula in shafe shi sumul.
Ban amsa masa ba.