Zukata Goma Sha Tara

Dare ya raba a Ƙofar Sauri,
fanka na juyi kamar mai gyangyaɗi.
Daga ni sai shayin da ya huce,
sai allon gilashi mai koren zane:
zukata goma sha tara, kowace da layinta,
ba ko ɗaya a kan gadon asibiti.
Suna gidajensu, ina nan ina jinya.

A da ni ke kama tsintsiyar hannu,
in ƙirga bugu ina duban agogo,
in ji ɗumin fata da warin man zafi.
Yanzu agogon ne ya kama hannun,
shi ke ƙirga, shi ke kawo mini tsegumi
daga Abukur, daga Kaita, daga bayan Ajiwa,
ba kuɗin mota, ba wahalar hanya.

Lamba bakwai Malam Nalado ne,
mai gyaran keken ɗinki.
Ran da na ɗaura masa ya juya hannu ya ce,
"Layar asibiti ce?" Na ce, "Ɗan aike ne."
Ya ce, "Ɗan aiken da ba ya karɓar tukwici,
a bincike shi, da wuya ya yi gaskiya."

Sau biyar a yini layinsa ke ɗaukewa.
Makon farko na tayar wa kowa hankali,
ashe alwala yake, ya rataye shi a wuyan buta.
Wata Laraba bugu ya haura ɗari da hamsin,
na kira hannuna na rawa.
Jikansa Tanimu ne ya ɗaura,
yana tseren ɗan akuya a bayan rijiya.

Sai daren Asabar da ruwa ya kece.
Biyu saura kwata, layin ya soma tuntuɓe:
bugu, bugu, shiru, sai uku a guje.
Ba lokacin salla ba ne. Yara sun yi barci.
Na kira, ba sabis. Na sake. Na sake.
A na shida Inna Ladingo ta ɗauka,
ta ce, "Ai barcinsa yake."
Na ce, "Haska fitila, taɓa goshinsa."
Shiru. Sannan, "Gumi ne sharkaf, 'yar nan."
Na ce a buga ƙofar Gambo mai a-kori-kura,
a taho yanzu, cikin ruwan,
kada a jira safiya.

Kwana tara ya yi a wurinmu,
ya gyara wa mai wanki kekenta, ya tafi.

Ba na ce abin ba shi da miki ba.
In an yi kwana biyu ba wuta, rabin allon makaho ne.
Mai caji na karɓar nasa.
Lamba sha biyu ta sayar da wayarta ta auno gero,
tun watan jiya layinta fili ne fetal,
kuma na ƙi yarda a goge sunanta.
Kullum sai na dubi gurbin,
kamar mai leƙen ɗakin da mai shi ya yi tafiya.

Na san yadda zuciyar kowannensu ke taka ƙasa,
wadda ke sanɗa, wadda ke ɗingishi,
amma wasu in mun haɗu a kasuwa
sai mu gifta juna ba sallama.

Ga shi, layin bakwai ya ɗauke.
Na miƙe tsaye, sai na ji ladan.
Na ajiye wayar, na ɗauki tawa butar.
Malam na alwala. Ya kwana lafiya.