Wiskin Kadade

A Tawa, bayan tashar motocin Agadas,
akwai wata rumfar kwano mai yoyo ta gabas.
Can muke haɗuwa kowace Alhamis, mu huɗu,
da tukunyar da ta girmi bindigar da na mayar wa gwamnati.

Arzika ke dakan citta.
Ya baro yatsu biyu a bakin tafkin Cadi,
amma taɓarya ba ta san da wannan ba.
Agali, buzun da ba ya dariya sai wani ya yi tuntuɓe,
shi ke awon kanumfari da murfin gorarsa ta soja.
Saini Bazabarme ya jiƙa tsamiya tun jiya,
yana zaginta da Hausarsa da har yau ba ta nuna ba.
Ni kuwa aikina wuta.
Shekara ashirin da shida ina tsawa ana ƙamewa,
yau gawayi ma sai na lallashe shi.

Sunan ba mu muka raɗa ba.
Wani dare ne a hanyar Dirku,
sanyi ya shiga takalmi ya ƙi fita,
mota ta mutu, rediyo ta haɗiye harshenta.
Kadade ya zazzage aljihu:
citta guda, masoro, ɓarin barkono,
dabino uku da suka sha zufa.
Ya dafa su a gwangwanin tumatir,
ya miƙo mini ya ce, "Ajidan, kurɓi.
Wiski ne, irin na manyan hafsoshi,
sai dai namu ba ya hana sallar asuba."
Na kurɓa, na yi tari har hawaye.
Muka yi dariya, mu biyar,
a wurin da ko kura ba ta dariya.

Kadade bai ci fansho ba.
Saura wata uku.
Hularsa aka kawo mana da agogo,
agogon yana ta tafiya abinsa, marar kunya.

Da muka tuɓe kaki sai gari ya yi mana faɗi.
Ba mai busa ƙaho, ba mai kiran suna,
kowa na zaune ƙofar gida yana ƙirga awakin maƙwabta.
Arzika ne ya ce, "Ku tashi,
ko matattu sun fi mu aikin yi."

Labari ya kai masallaci kafin ƙamshi ya kai titi:
wai tsofaffin soja sun buɗe gidan giya.
Liman ya zo da kansa, carbi a hannu, fuska a murtuke.
Agali bai ce uffan ba, ya cika masa kofi.
Ya shinshina, ya yi bisimilla, ya kurɓa,
rawaninsa ya karkace.
Da numfashi ya dawo masa sai ya ce,
"Ba haram ba ne, amma akwai mugunta a ciki.
Ku ba ni kwalba biyu, ina da mura."

Dala ɗari kwalba.
Jikar Saini ta zana mana huluna biyar a takarda,
muna mannawa da ƙaro.
Kuɗin goman farko ba ma taɓawa,
na Tsahara ne, 'yar Kadade,
da ke koyon aikin jinya a Yamai.
Ta ce in ta gama, gwiwoyinmu za ta fara dubawa.

In rana ta faɗa bayan Babaye
mukan jera kofi biyar a kan akwatin harsashi
wanda yanzu sukari ke kwana a ciki.
Huɗu namu.
Na biyar ba ma zubarwa, Kadade ya tsani ɓarna.
Duk wanda ya fara wucewa shi ke sha,
mai kabu-kabu ne, ko mai tallan albasa.
In ya yi tari har hawaye
sai Saini ya dubi ƙasa,
Agali ya ja rawani ya rufe baki,
ni kuma in ce hayaƙi ne,
in koma fifita wuta.