Fikafikan Katako a Hickling

Duk Laraba, da an kwashe kofunan shayi,
sai zauren ƙauye ya ɗauki warin fenti.
Ni ke turo Wilfred a kekensa,
tamanin da bakwai, bargo a gwiwa.
Hannun da ya yi rabin ƙarni yana yankan kyauro
yau ko cokali sai na tallafa masa.

Maureen ce ta yanko katakon,
fikafikai ɗari biyu, kowanne faɗin faranti.
Za a kafe su a bakin hanya, daga coci har fadama,
mai so ya saya,
kuɗin a ba masu share dausayi.

Na ce musu, a garinmu sunansa malam-buɗe-littafi,
na fassara.
Yaran firamare suka bushe da dariya.
Imogen, mai gilashi da giɓi a baki,
ta haɗa tafukanta, ta buɗe, ta rufe, ta buɗe,
ta ce in sake faɗa a hankali.

Wannan malamin ɗan tsirfa ne.
Duk faɗin Ingila bai ga wurin zama ba
sai wannan lungu na ruwa da laka.
Ba ya ajiye ƙwai sai kan tsiro guda,
mai ganye kamar na karas.
Ga teku tana leƙowa ta bakin kogi,
gishirin da ke gyara miya
shi ke cinye masa gida.

Na zana goma sha bakwai ban taɓa ganin ɗaya ba.
Hoto nake bi, kamar mai kwafar allon wani.
Wilfred ya dubi nawa, ya girgiza kai:
"Rawayar ta yi ihu, Ladidi.
Sa mata fari. Kamar man shanu da safe."
Na sa.
"Baƙin kuma ba layi ba ne, raga ce.
Jan ɗigon nan na wutsiya, bar mini shi."

Na tsoma burushi, na kama wuyan hannunsa.
Rawar hannun ta bi ta nawa.
Ɗigon ya fito a karkace, ya ɗan zubo.
Maureen ta taho da tsumma,
ya ce kul.

A watan Yuni na tura shi kan gadar katako
da ta ratsa cikin kyauro.
Sauro, rana mai rowa, ƙarar taya.
Awa biyu muna zaune.
Na ba shi maganin ƙarfe uku, barci ya ɗauke shi.

Sai ga shi.
Ya fi yadda na zata girma, ya fi sauri,
ya sauka kan wani fure ja,
yana karkaɗa shafukansa bai tsaya ba,
kamar mai neman layin da ya ɓace masa.
Rawayar kuwa, man shanu da safe.

Ban tashe shi ba. Ban ko ciro waya ba.

Da ya farka ya ce, "Ya zo?"
Na ce ya zo.
Ya gyara bargo, ya ce, "To, madalla.
Ni na ga rabona tun tuni."

A hanyar gida muka wuce namu,
lamba sittin da huɗu, a jikin shinge,
ruwan sama ya fara cin gefensa,
jan ɗigon yana nan a karkace.
Wani ya liƙa takarda: an saya.